Tsirkiyar E tana danne sauran a jitar bes ɗina, G kuma kamar babu ita

Sabon_Hannu:

Assalamu alaikum ƴan'uwa makaɗa, dan Allah ina neman taimako akan wata matsala da ta dame ni kusan wata biyu kenan. Jitar bes ɗina mai tsirkiya huɗu ce (E, A, D, G, daga mafi kauri zuwa mafi siranta), irin ƙirar Precision ɗin nan mai fikof (abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya) rabe gida biyu, ba ta kamfanin Fender ta asali bace amma tana da kyau. Matsalar itace in na kaɗa E ƙara take yi sosai har sifika na rawa, A da ɗan dama, D ta fara raguwa, da na sauko G sai kaji sautin ya sirance kamar an rage bolum da rabi. In muna rihazal da ganga da kibod duk layin da na hau G dashi ɓacewa yake yi, sai na dinga finciko ta da ƙarfi, hannuna ya gaji kuma sautin ya fito da ƙazanta. Na gwada ƙara tirebul (siririn sauti) a amfilifaya, G ta ɗan fito amma sai ƙarar yatsa da ƙaf-ƙaf ɗin firet (ƙarafan da ke jere a wuyan jita) suka cika ko'ina, na rage bes kuma E ta daidaita amma jitar gaba ɗaya ta rasa nauyi. Wani yace min in sayi kwamfuresa (na'urar da ke daidaita ƙarfin sauti) kawai a wuce wajen, wani yace fikof ɗin ne ya mutu in canza. Kafin in kashe kuɗi nake so inji daga bakin waɗanda suka daɗe a harkar. Nagode.

Baba_Mai_Tsirkiya:

Wa'alaikumus salam ɗana. Kar ka sayi komai tukuna, kuma kar ka cire fikof ɗin nan, da wuya fikof ya mutu gefe ɗaya ya bar maka sauti mai tsabta haka. Abin da kake bayani yafi kama da tsayin fikof, sukundireba da rula kawai aikin ke buƙata.

Kaga shi fikof maganaɗisu ne da waya a naɗe, motsin ƙarfen tsirkiya a kusa dashi shi yake zama lantarki. To E kauri gare ta, ƙarfenta yafi yawa kuma lilon da take yi yafi faɗi, G kuwa siririya ce, in ka basu tazara ɗaya daga fikof dole E ta rinjaye. Shi yasa ake karkata shi, ɓangaren E ƙasa ɓangaren G sama. Ga irin taka ma akwai ƙari, rabin da ke ɗaukar D da G shi yafi kusa da gada (ƙarfen da ke riƙe tsirkiyoyi a jikin jita), can kuma tsirkiya bata lilo da yawa, dama can sautin wajen ya ɗan fi siranta.

Yadda zaka auna: danne tsirkiya a firet na ƙarshe, sai ka auna daga saman ƙarfen fikof zuwa ƙasan tsirkiyar. Ma'aunin da Fender suke bayarwa na Precision da Jazz ɗinsu na yau da kullum wajen milimita 2.8 ne a ɓangaren E, milimita 2 a ɓangaren G. Daga nan ake farawa, ba wai nan ake tsayawa ba, kunnenka ne zai ƙarasa aikin. Kowane rabi nashi sukurori biyu ne, kenan kusan kowace tsirkiya zaka iya yi mata nata saitin, wannan itace ni'imar Precision da masu Jazz basu samu ba, su fikof ɗinsu miƙaƙƙe ne, in allon wuyan na da lanƙwasa sosai sai A da D su yi nisa dashi, babu yadda zasu yi sai haƙuri ko su taɓa gada.

Shawarata ka fara da sauke ɓangaren E kafin ka ɗaga na G. Mutane da yawa ɗagawa kawai suka sani, su kai fikof dab da tsirkiya, sai maganaɗisun ya dinga jan ta, sautin ya daina daɗewa, wani lokaci kaji nota tana kaɗawa kamar biyu ne suke faɗa musamman a firet na sama, in ka kaɗa da ƙarfi ma ta bugi fikof ɗin tayi ƙas. Rabin juyi kake yi ka saurara, ka rubuta nawa ka juya dan ka iya komawa in ka ɓata. Kuma ka kwatanta da nota ɗaya a wurare biyu, misali A a firet na 5 na E da A a buɗe, ko D firet na 5 na A da D a buɗe, hakan yafi gaya maka gaskiya akan kaɗa notoci daban-daban.

In ka kwance sukuru kaga fikof bai biyo shi sama ba, to soson da ke ƙarƙashinsa ne ya mutu ya lafe, cire shi ka sa sabo mai tauri.

Injiniya_Sauti:

Baba ya faɗi gaskiya kuma ina girmama shi, amma ni ban yarda a fara da sukundireba ba sai an tabbatar daga jitar matsalar take. Sau nawa ake kawo min bes ace E tayi yawa, in jona ta kai tsaye a miksa in sa hedifon inji ta daidai, ashe ɗakin da mutum yake kiɗa ne ke yi masa ƙarya. E a buɗe wajen 41 Hz take (wato tana karkarwa sau 41 a daƙiƙa), A 55, D 73, G 98. Tsawon igiyar sautin 41 Hz ya haura mita 8, wato yafi yawancin ɗakunan da muke rihazal, sai sautin ya daki bango ya dawo ya haɗu da kansa, wata nota ta kumbura a wani waje, ka matsa taku uku ta ɓace. In sifikarka a lungu take jingine da bango biyu to abin yafi muni, duk sautin bes ɗin nan ninkuwa yake.

Abin da zaka yi ɗan'uwa, cire amfilifaya daga lissafin. Jona jitar a sawun kad (na'urar shigar da sauti kwamfuta) ko miksa, ikwalaiza duk a tsakiya, bolum da ton na jitar a buɗe gaba ɗaya, kayi rikodin kowace tsirkiya da ƙarfin hannu ɗaya ka kalli mita. In a nan ma E ta tsere wa G da nisa to bi maganar Baba. In kuwa sun kusa daidai, jawo sifikar daga bango, ɗaga ta daga ƙasa akan kujera ka sake ji. Alama ɗaya mai sauƙi: in nota guda ce ke kumbura ko a wace tsirkiya ka kaɗa ta, ɗaki ne ko akwatin sifika, in kuma tsirkiya ce gaba ɗayanta daga sama har ƙasa, jita ce.

Kwamfuresa tana da amfani, ni bana haɗa bes babu ita, amma aikinta gyara ƴan bambance-bambance ne. In ka bata jitar da E ta ninka G sai ta dinga matse E tana shaƙe ta, kaji numfashi a sautin.

Hajiya_Bes:

Ku duba hannu ma dan Allah. In kana kaɗa G yatsanka yana sauka akan D ya tsaya, amma a E babu abin da zai tare shi sai babban yatsa, mutane da yawa basa sanin sun fi zabga mata ƙarfi. Sannan in babban yatsan na kafe akan fikof baya motsi, kafin ka miƙa zuwa G hannun ya buɗe, da bakin yatsa kawai kake taɓa ta. Gwada sauko da babban yatsan kan A in zaka kaɗa G kaji bambanci.

Kuma yaushe rabonka da canza tsirkiya? Set ɗaya ne ko haɗe-haɗe? In G daga wani set take, ko ta fi sauran siranta kamar ace 40 a cikin set na 45 zuwa 105, ko ƙarfensu ba iri ɗaya ba, fikof bazai ji su daidai ba.

Sabon_Hannu:

Allah ya saka da alheri gaba ɗaya. Na bi ta Injiniya da farko, a hedifon ma G na ƙasa sosai, amma E bata kai yadda nake jinta a ɗaki ba, kenan duka biyun ne. Da na auna ɓangaren G ya kusa milimita 5, na kwance sukuru fikof ɗin ko motsi bai yi ba, na buɗe na tarar da soson ya lafe kamar takarda, daidai yadda Baba ya faɗa. Na sa sabo, na kawo G wajen 2, na sauke E zuwa 3 da ɗan wani abu, na jawo sifika daga lungu, wallahi kamar wata jitar aka bani. Hajiya set ɗaya ne amma maganar babban yatsa ta kama ni, ina kan gyarawa.

Saura abu ɗaya, a G firet na 6 zuwa 7 notar bata daɗewa, tana fitowa da ƙarfinta amma nan da nan ta mutu, sauran firet ɗin lafiya lau. Shima fikof ne?

Baba_Mai_Tsirkiya:

A'a wannan ba fikof bane, cire waya ka kaɗa ta haka zaka ji tana mutuwa. Wuyan jitar ne yake rawa daidai da wannan notar yana shanye ƙarfinta, sananniyar matsala ce a irin wannan ƙirar, tsakanin firet na 5 da na 7 a G ake yawan samunta. Jingina kan jitar (ƙarshen wuya, inda ake ɗaure tsirkiya) a jikin bango ko katako ka kaɗa, in notar ta daɗe to shine. Wasu suna maƙala ɗan ƙarfe mai nauyi a can ƙarshen wuyan, wajen yana matsawa ko ya ragu, ba kasafai yake ɓacewa duka ba. Ka duba sukurorin da suka riƙe wuyan ko sun saki, in kuma waƙa na buƙatar doguwar D ɗin nan ta firet na 7 a G ka ɗauke ta a firet na 12 na tsirkiyar D.