Dan Allah a taimaka min da bainari da sabnet, kaina ya ɗau zafi

Dan_ND1:

Assalamu alaikum 'yan uwa, da fatan kowa yana lafiya. Ni ɗalibi ne, ND1 nake a ɓangaren kwamfuta a wata poli, kuma gaskiya wannan samistan ta zo min da gardama. Jarabawa saura sati uku, malamin netwok ya ba mu asainmen wai a ɗauki adireshin IP 192.168.10.0/26 a faɗi sabnet mas ɗinsa, wato lambar da ke nuna yadda aka yanka netwok ɗin yanki-yanki, da kuma kwamfutoci nawa kowane yanki zai ɗauka. Na kwafa a wajen abokina, ya rubuta 255.255.255.192 da kuma 62, amma wlh ban san daga ina 192 ɗin nan ta fito ba kuma me yasa 62 ba 64 ba, na tambaye shi yace shima a littafin wani ya gani.

Ga kuma ɗaya kwas ɗin na bainari da heksa, kullum raba da 2 rubuta saura raba da 2 rubuta saura, ina iya yi amma hadda kawai nake kamar aku, ban san amfaninsa ba.

Na uku ba na makaranta bane. Ina ɗan taɓa haɗa fosta da katin biki a laptop ina samun na data. Satin da ya wuce na haɗa katin ɗaurin auren yayata, shuɗi mai kyau da ruwan gwal, na tura wa mai firintin ta WhatsApp, da aka buga shuɗin ya koma kamar shunayya rubutun kuma duk yayi dishi-dishi. Kati 200 fa. Shi yace laifina ne ni kuma nace injinsa ne, har yanzu a gida ba a daina min tsiya ba. Wanda ya sani dan Allah ya fahimtar dani.

Tsohon_Injiniya:

Wa alaikumus salam ƙanina. Tambayoyinka ukun nan da kake gani daban-daban uwarsu ɗaya, bari in fara da bainarin tunda shi ne tushen.

Ka ajiye raba da 2 ɗin nan tukuna. Ka ɗauka akwai wata ƙasa da takardun kuɗinta guda takwas ne kawai: 128, 64, 32, 16, 8, 4, 2, 1, kuma kowacce ƙwaya ɗaya ce a aljihunka. Aka ce ka biya 200. Ka miƙa 128 saura 72, ka miƙa 64 saura 8, 32 ta yi yawa 16 ma ta yi yawa, ka miƙa 8 shikenan. Wadda ka bayar ka rubuta 1 wadda ta rage a aljihu ka rubuta 0, sai ka samu 11001000. Kowane gurbi shi ne bit, takwas ɗin gaba ɗaya bayit. In ka juye aljihun duka ka tara zaka samu 255, ba yadda za a yi ka wuce nan, shi yasa baka taɓa ganin adireshin IP mai 300 a ciki ba.

Adireshin IPv4 bit 32 ne, wato irin aljihun nan guda huɗu, ɗigon da ke tsakani don idonmu aka sa. To /26 ma'anarsa bit 26 na farko na netwok ne ba a taɓa su. Aljihu uku na farko sun cinye 24, shi ne 255.255.255, saura biyu sai su faɗa aljihu na huɗu su ɗauke manyan takardun guda biyu, 128 da 64. Tara su. Ga 192 ɗinka nan.

Bit 6 suka rage kenan, 2 sau 2 har sau shida 64. Amma a kowane yanki adireshin farko sunan unguwar ne kanta ba a ba wa kowa shi, na ƙarshe kuma na shela ne, in aka aika saƙo can kowa a yankin zai ji. Cire biyu saura 62. Yankunan zasu fara daga 0, 64, 128, 192. Na farko kwamfutoci daga .1 zuwa .62, shela .63, sai na biyu ya kama daga .64 haka har ƙarshe.

Heksa kuwa gajarta rubutu ce kawai, ba wani sabon abu. Raba bit takwas ɗin gida biyu, 1100 da 1000. Na farko 12 ne na biyu 8, tunda lambobi sun ƙare a 9 sai aka ari haruffa, A shi ne 10 har zuwa F 15, kenan 12 C ce, 200 ta zama C8. Kuma kar abin ya baka mamaki wai ana ƙirga ba da goma ba, kai da kanka kullum kana yi, minti 59 in aka ƙara ɗaya ai awa kake cewa.

MaiShagonWaya:

Ni dai a ganina duk wannan wahala ce, buɗe kalkuleta ta Windows ka sa ta a Programmer ka rubuta 200 nan take zata nuna maka bainari da heksa da oktal. Shekara nawa ina saita rauta da MiFi wa mutane ban taɓa zama ina lissafin bit ba, in Huawei ce yawanci 192.168.8.1 zaka rubuta a burauza ka shiga ka canza faswod ka karɓi kuɗinka.

Tsohon_Injiniya:

Haba mai shago, yaro jarabawa zai shiga, waye zai bar shi da laptop a hol? Kalkuletar yana da kyau ya duba amsarsa da ita bayan ya yi da hannu, wannan na yarda. Amma ranar da aka kira ka makaranta mai lab uku aka ce kar ɗalibai su ga kwamfutocin ofishin kuɗi, 192.168.8.1 ba zata fitar da kai ba.

Maman_Twins:

Ƙanina zo nan mu yi maganar katin, wannan ɓangarena ne, shekara takwas ina wannan sana'ar kuma nima an taɓa min irin wannan tsiyar. Gaskiya ba za ka so ji ba amma mai firintin ya fi ka gaskiya.

Allon laptop da haske yake haɗa kala, ja da kore da shuɗi, shi ne RGB, kowacce daga 0 zuwa 255, kaga aljihun da Injiniya ya gaya maka ya dawo. Lambar nan da kake gani a Photoshop mai alamar # a gaba heksa ce zalla, biyu-biyu ake karantawa. #FF0000 ja ne tsantsa saboda FF ita ce 255. Ruwan gwal ɗin da yawancinmu muke sawa a katin biki #D4AF37 ne, in ka warware ja 212, kore 175, shuɗi 55, gwada da hannunka ka gani. 256 sau 256 sau 256 ya baka kala 16,777,216. Ita kuma firinta ba ta da haske tawada take zubawa, guda huɗu, CMYK, wato C shuɗi mai haske, M ja mai ruwan hoda, Y ruwan ɗorawa, K baƙi, kuma akwai kalolin da allo ke nunawa waɗanda tawada ba ta iya kaiwa, babbansu shi ne shuɗin nan mai ƙyalli #0000FF. Da an juya shi sai ya ja zuwa shunayya. Ina da tabbacin shi ka ɗauka, duk sabon shiga shi yake ɗauka don yana ɗaukar ido.

Abin da zaka yi tun wajen buɗe sabon fayil ka zaɓi CMYK, a Photoshop ne ko CorelDRAW, shuɗin kuma ka rage masa tawadar M ɗin kar ta kai C yawa. Zai yi maka kamar ya dushe a allo kar ka damu.

Dishi-dishin kuma WhatsApp ne. In ka tura a matsayin hoto matse shi yake ya rage fiksel don ya yi sauƙin tafiya, a waya ba zaka lura ba sai an buga. Ka fitar da PDF ka tura a matsayin dokumen ko ka kai a filas da ƙafarka. Aikin da za a riƙe a hannu 300 dpi ake so, wato ɗigo 300 a kowane inci, takardar A4 kenan fiksel 2480 a 3508. Babbar banar talla ta bakin titi ba ta buƙatar haka tunda daga nesa ake kallo. Sannan JPEG duk sanda ka gyara ka sake sebin yana ƙara lalacewa kaɗan-kaɗan, ka riƙe asalin fayil ɗinka mai leya.

Laifin mai firintin ɗaya, da ya buga guda ɗaya ya nuna maka kafin ya saki 200. Nan gaba kai zaka nema, ko da kuɗi ne ka biya na gwajin.

Dan_Maradi:

Sannunku da ƙoƙari, mun ƙaru. Mu nan Nijar da Faransanci muke karatun kuma bayit oktet muke ce mata, daga takwas sunan ya fito, shi yasa in ka sayi data a nan Mo da Go zaka gani ba MB da GB ba. Ko a littattafan Cisco na Ingilishi kowane kashi na adireshin IP oktet suke kiransa. Shawarata ka sauke Packet Tracer, manhajar gwada haɗa netwok a kwamfuta, kyauta ne in ka yi rajista da Cisco Networking Academy, ka jera kwamfuta biyu ɗaya .10 ɗaya .70 da mas ɗin 192 ɗin nan a kan suwic ɗaya, wato akwatin da ake jona kwamfutoci, ka yi ping, wato ɗaya ta aika wa ɗayar saƙon gwaji, zaka ga sun ƙi jin juna sai ka sa rauta a tsakani. Ni sai da na ga haka da idona abin ya zauna min.

Dan_ND1:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara ilimi. Anty wlh #0000FF ɗin ne na duba fayil ɗin yanzu, gobe zan je in ba bawan Allah haƙuri. Yallaɓai Injiniya na gwada /27 da kaina, takarda uku 128 da 64 da 32 ya bani 224, saura bit 5 wato 32 a cire biyu 30, yankuna takwas, daidai ne? Sannan wani abu, filas ɗina an rubuta 32GB amma kwamfuta 29 da wani abu take nunawa, wannan ma bainarin ne ko cutata aka yi a kasuwa?

Tsohon_Injiniya:

Daidai ne, 255.255.255.224. Filas ɗin ma ba a cuce ka ba, masu ƙerawa da 1000 suke lissafi Windows kuma da 1024, ka raba 32,000,000,000 da 1024 sau uku zaka samu wajen 29.8. Yanzu yi min /28 da /30 ka turo kafin sallar isha, kuma banda kalkuletar mai shago.