Kafin mu shiga jami'a: me sakandare ta bar muku?

Mai Akwatin Ƙarfe: Assalamu alaikum 'yan uwa. Sunana ya fito, nan da sati uku za mu fara rajista in Allah ya so. Jiya Umma ta ce in kwashe kayan akwatina na makarantar kwana, ƙanena zai gaje shi, sai na ci karo da littafin kemistirina na SS2. Shafi bayan shafi duk rubutuna ne, ga zanen kwalaben gwaji na ƙawata su da jan biro. Wallahi sai da na zauna a ƙasa. Shekara uku ina haddace cewa ruwan zai juya daga rawaya zuwa ruwan lemo, amma ban ga ya juya da idona ba sai ana saura sati biyu WAEC, mu goma sha biyu a kan kwalba ɗaya. Na ci B3, sai dai ban san abin da na sani ba. Ku fa?

'Yar Jeka-ka-dawo: Kai ka ma ga kwalbar. Ni Turanci ne ya ci ni. A ajinmu duk wadda aka ji ta yi Hausa sai monita ta rubuta sunanta, tarar naira ashirin. An ce don mu koyi Turanci ne. Abin da muka koya shi ne yin shiru. Ko ba mu gane ba, malam na cewa an gane sai mu amsa baki ɗaya. Ranar JAMB kuma ita ce rana ta farko da na zauna gaban kwamfuta ni kaɗai. Hannuna na rawa, linzamin ya ƙi tsayawa, sai wata mai sa ido ta sunkuyo ta ce, "Ƙanwata, bar shi, danna A, B, C ko D, in kin gama ki danna N." Har yau ina yi mata addu'a.

Ɗan Gabza: Ku daina kushe makarantar nan gaba ɗaya. Gabza da miyar da ake ganin ƙasan kwano, kwaki da ƙuli-ƙuli in dare ya yi, ɗebo wa siniya ruwa da asubar hunturu, duk na sha. Amma malaminmu na lissafi kan dawo bayan isha'i da fitilarsa, ba wanda ya biya shi sisi. Shi ya sa na tsallake da kiredit.

Badamagare: Mu a Nijar daga BEPC, jarrabawar gama ƙaramar sakandare, sai BAC, ta gama babbar sakandare, komai da Faransanci. A gida Hausa, a makarantar allo Larabci. Na haye BAC a karo na biyu, yanzu Jami'ar Abdou Moumouni zan tafi a Yamai. Maganar hadda kam kamar a ajinmu kuka zauna.

Yaya Babba: Ƙannena, ni na riga ku. An ba mu gurbi, yajin aikin ASUU na 2022 ya zaunar da mu wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Da aka koma, lakca ta farko malamin ya yi magana awa biyu bai rubuta komai a allo ba. Ina zaune da biro ina jiran a ce a kwafa. Kafin ku tafi, ku kunna rediyo ku gwada rubuta abin da kuka ji da kalmominku.

Mai Akwatin Ƙarfe: Yaya, na gwada da labaran ƙarfe bakwai. Layi huɗu na samu, biyu ma ban iya karanta su ba. Littafin kemistirin kuwa na mayar cikin akwatin, ƙanena ya ce zanen ya burge shi.