Muhawara: Funfunar ƙasa za ta iya maye gurbin taki?

Matashin manomi: Salamu alaikum jama'a. Ni a ganina lokaci ya yi da za mu rabu da takin zamani. Akwai funfuna mai amfani, maikoraiza, da ke shiga cikin saiwa tana miƙa siraran zaruruwa cikin ƙasa. Tana jawo wa shuka ruwa da sinadarin fosfaros daga inda saiwa ba ta kai, shuka kuma ta biya ta da sukari. Galibin tsirran duniya da ita suke rayuwa.

Dattijo: Wa alaikumus salam. Yaro, in har tana cikin ƙasa tun fil azal, me ya sa gonar da ta gaji ba ta ba da komai sai an zuba mata taki?

Malamar aikin gona: Baba, tambayarka ita ce gaskiyar magana. Funfunar ba ta ƙirƙirar abincin shuka, ɗauko wanda yake nan take yi. In ƙasa ta tsotse, babu abin da za ta ɗauko. Kuma ba ta kama naitirojin, wani sinadarin da shuka ke buƙata, daga iska. Wannan aikin ƙwayoyin bakteriya ne a saiwar dangin wake. Kabeji ma ba ya hulɗa da ita sam.

Matashin manomi: Amma Malama, an gwada an ga amfani.

Malamar aikin gona: An gani, amma ba ko'ina ba. A wani gwaji da aka wallafa a 2023, an sa ta a gonakin masara 54 a Suwizalan. A wasu gonakin girman masarar ya ƙaru har kashi 40 cikin ɗari, a wasu ya ragu har kashi 12. Abin da ya fi damuna shi ne garin funfunar da ake sayarwa a leda: da yawa in an duba, ƙwayoyin cikinsa sun riga sun mutu. Kuɗin talaka ke tafiya a banza.

Dattijo: To me za mu yi ke nan?

Malamar aikin gona: A kula da wadda ke gonar. Huɗa mai zurfi na tsinka zaruruwanta, barin fili tsirara na sa ta yunwa, fosfaros mai yawa kuma na sa shuka ta juya mata baya. A rage waɗannan, a ci gaba da zuba takin dabbobi.

Matashin manomi: Duk da haka bana zan ware kunya goma in rage musu taki, mu gani a kaka.

Dattijo: Ka bar wasu goman a gefe yadda ka saba, don ka samu abin gwadawa.