Neman shawara: yaya aikin ƙera injin da zanensa kyauta ne zai riƙe kansa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Muna da shagon walda a Kano inda muke ƙera injin daddatsa robobi bisa zanen Precious Plastic, wani shirin sake sarrafa robobi wanda Dave Hakkens ya fara a ƙasar Holan a 2013 kuma ya sake shi kyauta a intanet. Mun gyara zanen domin ya dace da ƙarfen da ake samu a kasuwarmu, kuma muna da niyyar sakin gyaran kamar yadda muka samu. Ta yaya aikin zai girma da kuɗinsa ba tare da jiran tallafi ba, alhali kowane maƙeri na iya kwaikwayonmu?

Amsa ta farko: Wa'alaikumus salam. Malam, mafi yawan masu buƙatar injin ba su da lokacin yanka ƙarfe da daidaita wuƙaƙe, don haka haɗaɗɗen inji za su saya. Kamfanin Prusa mai ƙera injin buga abubuwa da roba (3D printer), da aka kafa a birnin Prag a 2012, ya taso ne daga RepRap, wani zanen irin wannan inji na kyauta, yana sayar da injin a haɗe, yana kuma sayar da sassansa ga mai son haɗawa da hannunsa. Ku riƙa karɓar kafin alƙalami wanda zai ishe ku sayen ƙarfe, amma ku rubuta wa'adin farashin a takarda, domin kayan aiki na iya tashi kafin ku gama. Wuƙaƙen kuwa dakushewa suke yi, saboda haka wasa su da sauya su ciniki ne da zai riƙa dawo muku da mai saye.

Amsa ta biyu: Ina goyon baya, sai dai ku yi wa sunanku rajista tun da wuri. Zanen Arduino, wato ƙananan allunan lantarki da ake sarrafa na'urori da su, a buɗe yake ga kowa, amma sunan mallakar kamfanin ne. Ƙungiyar Open Source Ecology ta jihar Misuri a Amurka, mai sakin zanen injuna kyauta, ita kuma tana shirya horo inda mahalarta ke biya su ƙera inji tare, ko da yake ina shakkar yaran shago a nan za su iya biyan irin wannan kuɗi. Ƙungiyoyin masu tara robobi sun fi dacewa.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Kafin alƙalamin, rabin kuɗi ya kamata mu nema ko kuɗin ƙarfe kawai?