In yanke kebul ko in haƙura zuwa Disamba? Yankees da ƙwallon ragar 'yan matan jami'a

Baban Nana:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema kafin Talata, 30 ga Satumba 2025, don ranar ce Yankees za su fara karawa da Red Sox a zagayen farko na wasannin fitar da gwani na besbol. Kuɗin kebul da intanet a gidana ya kai dala 214 a wata, kuma yarjejeniyata da su ta ƙare, in na fita ba tara. Abu biyu kawai nake kallo: besbol, sai ƙwallon raga ta 'yan matan jami'a. Na biyun Nana ce ta ja ni ciki. Tun da ta shiga ƙungiyar makarantarsu ba ta da zance sai ƙungiyar Jami'ar Nebraska, yanzu ni ma in suna wasa ba na iya tashi. Uwargida a waya take kallon fina-finanta, ba ruwanta da kebul. Ina so in bar intanet kaɗai in biya manhaja. Amma ku lura, sai tara na dare nake tashi aiki, to dole abin da zan saya ya iya naɗar mini wasa in dawo in kalla daga farko. Kuma ya kai ni har gasar ƙwallon ragar ta Disamba. A Bronx nake, talabijin ɗaya ce a gidan. Wanda ya taɓa yi ya taimaka.

Ɗan Zongo:
Wa alaikumus salam Alhaji. Sayi eriya kawai. Tawa dala 25, na manna ta a taga, Fox na tasha 5, ABC na 7, NBC na 4, duk kyauta, hoto tangaran. World Series, wato karon ƙarshe na cin kofin besbol, a Fox ake nunawa. Me kuma ya rage?

Bagobiri161:
Ya rage hanyar zuwa World Series ɗin mana. Wasannin Red Sox na 2025 a ESPN suke, eriya ba ta kama ESPN. Kuma mutum ya ce yana wurin aiki, eriyar ce za ta naɗa masa?

Alhaji Mai Goro:
Duk abin da za ka saya, ka tabbata akwai TBS a ciki. Bara, 2024, a nan muka kalli Yankees da Royals, muka kalli Yankees da Guardians. In ba TBS ka yi asarar kuɗinka.

Bagobiri161:
Allah ya ja da ran Alhaji, wancan bara ne. Musanya suke yi duk shekara. A 2025 ɓangaren American League yana Fox da FS1, TBS na National League ne, su Dodgers da Phillies. In Yankees sun tsallake Red Sox, Toronto za su haɗu da su, kuma Fox da FS1 ne za su nuna.

Alhaji Mai Goro:
To shi ba zai kalli Dodgers ba ne? Wanda ya ci ka bara ai shi kake sa wa ido.

Sabo Direba:
Baban Nana, ni ba zan ce maka sayi kaza ba. Abin da zan roƙe ka, kome tsananin da kake ciki kada ka sayi akwatin kallon talabijin ta intanet ɗin nan na bayan fage da ake tallarsa a shagunan aski, wai tasha dubu nawa kuɗin shekara guda. Ni ya ci ni.

Wani ɗan garinmu ne ya kawo mini, ƙanin matar abokina, shi ya sa ban yi dogon bincike ba. Dala 180 na ba shi hannu da hannu. Watannin farko lafiya lau, har na yanke kebul, na kuma haɗa shi da mutum uku cikin abokan aikina. Sai daren Juma'a, 25 ga Oktoba 2024, wasan farko na World Series, mu da Dodgers. Rabon Yankees da zuwa nan tun 2009. Na gayyaci mutane, maiɗakina ta wuni a kicin, waakye da kaza, falo ya cika har wasu a ƙasa suke zaune. Tun zagaye na shida hoton ya fara tsalle, in cire waya in mayar ya dawo. Aka shiga zagaye na goma muna gaba 3 da 2. Aka sako mai jifarmu Nestor Cortes, aka fitar da Ohtani na Dodgers, saura mutum ɗaya mu tashi da nasara. Aka bar Betts ya wuce da gangan, duk tashoshin gudu uku na filin suka cika da 'yan Dodgers, Freeman ya shigo da sandarsa. A nan hoton ya ƙame. Freeman tsaye, ɗan da'irar nan tana ta juyawa a kan ƙirjinsa. Ina durƙushe bayan talabijin ina laluben soket, sai wayoyin baƙina suka fara ƙara ɗaya bayan ɗaya. Wani yaro ya ce, Baba an gama, 6 da 3. Ko takalmi wasu ba su tsaya ɗaurawa ba suka fice.

Washegari na kira shi, waya a kashe. Bayan mako ya bullo da sabuwar lamba, wai an rufe musu na'ura, in ƙara dala 60 a mayar da ni sabon layi. Na ƙi. Mutum ukun nan da na kai masa kuwa ni suka riƙe, ɗaya har yau in mun haɗu a masallaci gaisuwa ce daga nesa. Na kai ƙara wurin abokina, matarsa ta ce na ci mutuncin ƙaninta. Zumuncin shekara da shekaru ya lalace a kan akwati. Akwatin yana nan cikin kabad, duk mai so ya zo ya ɗauka.

Ɗan Zongo:
Kai Malam Sabo, ai akwatin tausayinka ya ji. Mu da muka gani da idonmu me muka ƙaru da shi? Da ma ya sake ƙamewa a wasa na biyar, lokacin da muna gaba 5 da 0 Judge ya saki ƙwallo daga hannunsa, Cole kuma ya tsaya kallo bai ruga tashar farko ba.

Sabo Direba:
Ba abin dariya ba ne ɗan'uwa. Na biyar ɗin a rediyon mota na ji shi.

Kanawa Boy:
Gaskiya ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Nawa akwatin dala 120 ne, shekara biyu ke nan. Yana ɗan tsayawa in babban wasa ne, amma duk Firimiya a ciki nake kallo. Intanet ɗinka ne mai rauni Malam Sabo.

Sabo Direba:
To in babban wasa ne yake tsayawa, ƙaramin wasa muka saye shi don shi?

Bagobiri161:
Kanawa Boy, kai da ko dokar besbol ba ka sani ba. Wasan Arsenal na safiyar Asabar daban, daren da duk Amurka ta hau layi ɗaya daban. Bar masu abin su yi magana.

Kanawa Boy:
Bagobiri da besbol! Sanda kuka gani kuka ɗauka sharo ne. Ni shekarata goma sha ɗaya a Niyok.

Alhaji Mai Goro:
Shekara sha ɗaya har abin faɗa ne? Ina nan aka buɗe sabon filin Yankees a 2009 aka rushe tsohon. Yara ku riƙa saurare.

Anti Rabi Omaha:
Duk kun bi Yankees kun bar yarinyar mutane. Baban Nana, ni a Nebraska nake aikin jinya, bari in faɗa maka ɓangaren Nana. Nebraska tana rukunin Big Ten ne, tare da Wisconsin da Penn State da Minnesota. Yawancin manyan wasanninsu Big Ten Network ke nunawa, wasu Fox ko FS1, jefi-jefi NBC. Amma akwai waɗanda sai a B1G+, manhajar Big Ten, za ka same su, shi kuma kuɗinsa daban ne, ko kebul gare ka bai zo da shi ba. Ka buɗe jadawalin ƙungiyar, kowane wasa an rubuta tasharsa a gefe, ka ƙirga da kanka kafin ka biya kowa. In Disamba ta zo kuma labari ya canza gaba ɗaya: gasar ƙasa, ƙungiya 64, duk hannun ESPN take, zagayen farko galibi a manhajarsu, wasan ƙarshe a ABC. To wannan na ƙarshen eriyar Ɗan Zongo za ta yi maka.

Kuma bana, 2025, shekarar kallo ce. Kocin Nebraska John Cook ya yi ritaya a Janairun 2025, Dani Busboom Kelly ta dawo daga Louisville ta karɓi ƙungiyar, ita ma tsohuwar 'yar wasansu ce, kuma a Satumban 2025 su ne na ɗaya a ƙasa. In Nana mai ɗaga ƙwallo ce, ta zuba wa hannun Bergen Reilly ido.

Kanawa Boy:
Anti, wai da gaske akwai mai biyan kuɗi don ya kalli wannan?

Anti Rabi Omaha:
Ƙanena, ranar 30 ga Agusta 2023 mutum 92,003 suka cika Memorial Stadium a Lincoln don kallon 'yan matan nan da Omaha. Ina cikinsu, can sama inda 'yan wasan suke zama ƙanana. Filin Yankees ɗinku ko an cika shi maƙil bai kai dubu hamsin ba. Ka zauna ka kalli turmi na biyar sau ɗaya, wanda ake tashi a maki 15, sannan ka dawo mu yi magana.

Injiniya Bash:
Lissafi a taƙaice. Manhajar YouTube TV dala 72.99 a wata, akwai ESPN, Fox, FS1, TBS da Big Ten Network, kuma yana naɗar wasa ba iyaka. Shi ne amsar tambayarka.

Bagobiri161:
82.99 ne Injiniya, tun Janairun 2025 suka ƙara goma.

Maman Ilham:
Ni 60 da wani abu nake biya.

Injiniya Bash:
Rangwamen sabon shiga ne Hajiya, duba ranar da zai ƙare.

Bagobiri161:
Akwai mai rahusa. Tun 21 ga Agusta 2025 ESPN sun buɗe tasu manhajar, 29.99, Fox ma sun buɗe Fox One, 19.99, da FS1 da Big Ten Network a ciki. In ka haɗa biyun 39.99, sai dai haɗin ba ya farawa sai 2 ga Oktoba, wasan Red Sox kuma 30 ga Satumba. Sannan Baban Nana ka tuna da Afrilu. Yawancin wasannin Yankees na kakar wasa a tasharsu ta YES suke, YouTube TV ba shi da YES, sai ka biya manhajar Gotham daban. Ka tara duka da kuɗin intanet ka gani ko ka tsere wa 214 ɗin da gaske.

Alhaji Mai Goro:
Kun gani ko? An raba abu gida biyar, kowa na miƙo hannu. Ka kira kamfanin kebul ka ce za ka fita, za su rage maka. Ni sun rage mini.

Sabo Direba:
Ni da na kira su cewa suka yi Allah ya kiyaye hanya. Daga nan ne na faɗa hannun mai akwati.

Malam Habu Zariya:
Ku gode wa Allah ku da kuke gardamar tasha. Ni tun ina karatu a can na kamu da Yankees, yanzu wasan da kuke kallo ƙarfe takwas na dare, ƙarfe ɗaya yake kamawa a nan. In na biye masa sai a kira assalatu ban runtsa ba, ga data, ga wuta. Na haƙura, taƙaitaccen wasan nake kallo da safe.

Baban Nana:
Na gode ƙwarai, musamman Anti Rabi, Nana ta karanta har tana tsalle. Malam Sabo Allah ya mayar da alheri. Bagobiri, haɗin naka na 39.99 yana naɗa kuwa?

Abu Sumayya:
Afuwan zan ɗan fita daga zance. Baban Nana, don Allah da wane kaya Nana take buga wasan? Tawa ta dame ni, ni kuma abin da na gani a talabijin ya sa na ce a'a.

Maman Ilham:
Malam, Ilham da dogon wando da riga mai dogon hannu da hijabin wasanni take bugawa, ba wanda ya isa ya hana. A 2020 an hana wata yarinya Musulma wasa a Nashville saboda hijabinta, aka yi ta magana, a 2021 hukumar wasannin sakandare ta ƙasa ta gyara dokar ƙwallon raga, yanzu ba sai an nemi takardar izini ba. Ka bar ta ta yi. Abin da zai ba ka ciwon kai kuɗin kulob ne. Wasan makaranta wata biyu zuwa uku ne ya ƙare, duk yarinyar da ke son jami'a ta gan ta sai ta shiga kulob. Mu dala 2,800 suka ce, ban da otal da man mota.

Anti Rabi Omaha:
2,800 ai sun yi miki sauƙi. Wata abokiyar aikina ta haura dubu biyar.

Baban Nana:
Mu 1,900 aka ce mana, amma ba a zuwa wata jiha.

Maman Ilham:
Wanda ba a tafiya ai ba kocin jami'ar da zai gan ta. Kuma abin da ya fi ƙona mini rai, bayan duk kuɗin nan, a wata gasa alƙaliyar wasa ta tsayar da Ilham a gaban mutane tana tambayar wandonta, kocinmu na tsaye bai buɗe baki ba. Ni na sauko daga kan benci na nuna mata dokar a waya. Yarinyar kuka ta yi ta yi a mota har muka iso gida.

Abu Sumayya:
To kin ji irin abin da nake gudu ke nan Hajiya.

Maman Ilham:
Gudun ne yake sa kullum ita kaɗai ce mai hijabi a zauren. Da mu biyar ne ko shida da ba a tsayar da ita ba. Maza nawa a nan suke kai yaransu maza ƙwallon ƙafa duk Asabar ba fashi? In an zo kan 'ya mace sai a ce ba lokaci, ba kuɗi.

Alhaji Mai Goro:
Hajiya a yi mana adalci. Ni jikata nake kaiwa ninkaya duk Lahadi.

Maman Ilham:
Kai ɗaya ne Baba. Malam Abu Sumayya, shekarar Sumayya nawa? In ta kai sha biyu akwai gwajin shiga a watan gobe, zan iya ɗaukar ta tare da Ilham, amma sai ka zo da kanka ranar farko ka ga wurin.