Filika a hoton jirgi maras matuƙi: me za mu kira ta da Hausa?

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu sana'ar hoto. An kawo shawarwari uku, walƙiya da ƙyalƙyali da rawar haske, kan kalmar nan da muke ara muna cewa filika, wato aibin nan da haske ke riƙa ƙaruwa yana raguwa a hoton bidiyo, kuma ina ganin ya kamata mu tsayar da magana, domin yaran da ke koyon tuƙa jirgin ɗaukar hoto a hannunmu suna bukatar sunan da za su ji su gane aibin da ake nufi.

Kafin a raɗa wa abu suna, sai an san kamanninsa. Wanda yake son nuna faɗuwar rana a kan gari cikin daƙiƙa 10 yakan sa jirgin ya riƙa ɗaukar hoto ɗaya duk bayan daƙiƙa 2, sannan a jera hotunan su gudana 25 a kowace daƙiƙa. Ke nan yana bukatar hoto 250, jirgin kuwa zai shafe minti 8 da daƙiƙa 20 a sama yana wannan aiki. A tsawon lokacin nan rana tana sauka, gajimare yana giftawa, iska kuma tana ɗan karkata jirgin, ta yadda wani lokaci sama ce ta fi yawa a idon kyamara, wani lokaci rufin gidaje. Idan an bar kyamara ta yi wa kanta awon haske, da tsalle-tsalle take gyara shi, galibi sulusin mataki a kowane tsalle, sai wannan hoto ya fi na gabansa haske, mai bi masa kuma ya dushe. Mai duba hotunan ɗaya bayan ɗaya ba zai ga komai ba, amma da zarar an haɗa su, sai garin gaba ɗaya ya riƙa haskawa yana dushewa a jejjere.

Malamin da ya kawo walƙiya ya kusa, sai dai walƙiya haske ne mai ƙarfi da ke zuwa ya wuce, kuma almajirin hoto zai ɗauka filasha ake nufi. Ƙyalƙyali kuwa kalmar yabo ce da ake yi wa zinariya, ba ta dace da aibi ba.

Rawar haske ce ta fi tsaya mini a rai, kuma na jima ina juya ta, domin tana da daɗin faɗa. Abin da ya hana ni karɓarta shi ne mun riga mun ba rawa wani aiki: idan muka ce hoto yana rawa, kowa ya san iska ce ta girgiza jirgi, ko kuwa gimbal ne, wato na'urar da ke daidaita kyamara a jikin jirgi, bai riƙe ta da kyau ba. Wannan ciwo daban ne, maganinsa ma daban. Idan yaro ya kira maigidansa ya ce aikin jiya yana rawa, ya kamata maigidan ya san inda zai duba ba tare da dogon bayani ba.

Saboda haka ni ina goyon bayan ƙiftawar haske. Ƙiftawa tana da sauri, tana maimaituwa, kuma haske ne ke ɗaukewa ya dawo alhali abin da ake kallo yana nan bai motsa ba, kamar dai yadda ido yake yi. Tana kuma sarrafuwa a baki, sai a ce hoton yana ƙiftawa, ko an kawar da ƙiftawa. Har ma ta game ɗaya nau'in da ake gani da dare, inda fitilun da ke aiki da lantarki mai zagaye 50 a daƙiƙa, irin na Najeriya da Nijar, suke yin sama da ƙasa sau 100 a daƙiƙa, shi ya sa ake ajiye shota, wato tsawon lokacin da kyamara ke barin haske ya shiga, a 1/50 ko 1/100 na daƙiƙa.

Mu gwada ta a darasi mu ji. Mai gudun ƙiftawar haske sai ya kulle shota da ISO (ƙarfin jin haske na kyamara) da ma'aunin launi da hannunsa kafin jirgi ya fara ɗauka. Jirgin Mavic 2 Pro da kamfanin DJI ya fitar a 2018 yana ba da damar sauya buɗin ido daga f/2.8 zuwa f/11, amma Mini 3 Pro nasa a tsaye yake a f/1.7, don haka da rana tsaka sai an ɗora masa gilashin rage haske na ND. Idan hasken zai sauya da yawa, kamar gab da magariba, sai a ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, daga baya a daidaita hotunan da manhaja irin LRTimelapse.

Waɗanda harshensu ya saba da ƙyaftawa su ci gaba da faɗarsu, domin kalma ɗaya ce. Wadda ban gama natsuwa da ita ba ita ce awon haske da na yi amfani da ita a sama, kuma ina roƙon manyanmu a sana'ar su faɗi ko shan haske ya fi ta dacewa.