Halin jariri da nauyinsa: abin da masu awo suka ce a Gombe

A zaman da ungozomomi da ma'aikatan awo suka yi a Gombe, an fi daɗewa a kan jariri mai rigima. Da ya yi kuka sai a cusa masa abu a baki, tun yana wata 3 kakarsa ta ce nono bai ishe shi ba, a fara kunu ko madarar gwangwani. Kunu mai ruwa-ruwa yana cika ciki ya rage tsotso, nonon uwa ya ja baya, ga gudawa. Madarar da ake ɗura wa yaro don ya yi shiru kuwa takan kawo ƙiba fiye da kima. Shawararsu: a duba alamar yunwa tukuna, wato tsotsar hannu da juya kai yana neman nono. In babu, a duba kunzugu, a sa shi gyatsa, a goya shi. Nono zalla har wata 6, ko ruwa ban da shi.

Wanda ya fi ba su tsoro shi ne jariri mai haƙurin nan da ake yabo. Ba ya kuka, sai barci, a manta da shi. A makonnin farko a tashe shi ya sha sau 8 zuwa 12 a kwana ɗaya, ya jiƙa kunzugu aƙalla 6.

Jariri kan ragu bayan haihuwa, ya maido nauyinsa cikin mako 2, ya ninka shi wajen wata 5. In layin da ke nuna nauyinsa a katin awo ya kwanta ko ya sauka, a kai shi asibiti.